Sunan da Rariya Ta Kama

Tun da aka yi dokar hana waƙar ta'aziyya wuce kalma ashirin, kowa sai ya kai tasa gaban Rariya, na'urar da ke tace waƙoƙi. Da hantsi Inna Tasalla ta kai wadda ta yi wa ɗanta, kwana arba'in da rasuwarsa.

Ma'aikaciyar wurin, Hindatu, ta duba allon na'urar. "Inna, ta yi tsawo. Kin ce 'wannan yaron', kin ce 'mai sunan malam'. Rariya ta ce sunansa kawai ya wadatar."

"'Yar nan, ɗan fari ne. Tun da na haife shi bakina bai taɓa kama sunansa ba."

"To, ji gyaran tukuna."

Na'urar ta yi magana da muryar Inna Tasalla sak, har da 'yar rawar da ke cikinta: "Zubairu."



"Goge duka," in ji tsohuwar. "Rubuta: butarsa tana nan inda ya bar ta, kullum ina cika ta."

Hindatu ta rubuta. Inna ta kai bakin ƙofa, sai ta juyo, murya ƙasa-ƙasa.

"Sake kunna mini na ɗazun."