Ranar da Imran Ya Zo Ɗaukar Muryar Kaka

Ina da shekara tara, muna zaune a unguwar Nuzla a Jidda. Bayan la'asar ni da Kaka muna tsintar shinkafa, tana 'yar waƙarta ta daka, sai aka ƙwanƙwasa ƙofa.

Imran ne, saurayin gidan maƙwabtanmu 'yan Pakistan, haifaffen Jidda kamar ni. Shi ke hana mu barcin rana da tabla, ƙananan gangunan ƙasarsu, yana haɗa su da kiɗan rap a kwamfuta. A hannunsa akwai wata baƙar makirfo, ba ta fi ɗan yatsa ba.

"Ya Hajja," ya ce da Larabci, "kullum ina jiyo waƙarki ta bango. Ki bar ni in ɗauka, in ɗora ta a kan kiɗana."

Kaka ba ta dube shi ba, makirfon ta zuba wa ido. Takardunta na izinin zama, wato iƙama, sun daɗe da ƙarewa, kowa a gidanmu ya sani.

Ta ce mini da Hausa, "Tambaye shi, wa ya aiko shi?"

Ya rantse wallahi babu kowa.

"To wa zai ji?"

"Duniya duka, Hajja!" ya ce yana murmushi.

Kaka ta ja mayafi ta rufe bakinta. "Gaya masa muryata ba ta da iƙama. Halas, magana ta ƙare."

Har yau ban san ko tsoronta na da dalili ba. Ta dai rasu, kuma duk wayoyin gidanmu babu ko ɗaya mai muryarta.