Baban Roba

Kin ce shekarun da kika yi kina jinya a gida sun tafi a banza, sa'o'inki sun yi nisa, shiga makarantar koyon aikin jinya kuma ta wuce ki. To gyara zama in ba ki misali.

An yi wata mata da ta gama sakandare tana burin zama nas, sai mahaifinta ya faɗi, ɓarin jikinsa ya shanye. Mutumin nan mahauci ne, irin mazan da ko ruwan alwala ba sa yarda a zuba musu, ga shi yau sai an juya shi. Shekara bakwai tana yi masa hidima. A nan ta gane cewa kunya ta fi ciwon damun tsohon. Don haka ba ta taɓa shi sai ta yi sallama ta ce, "Baba, zan juya ka," ta jira ya ƙifta ido. Takan saki labule, ta gwada zafin ruwa da gwiwar hannu, ta buɗe inda za ta goge kawai, sauran jikin yana rufe. Bayan rasuwarsa ta cike fom ɗin makarantar jinya, aka ce sakamakonta bai kai ba. Ta koma ta sake jarrabawa cikin yaran da ta goya, ta sake nema, sai a karo na uku aka ɗauke ta, tana da shekara talatin da ɗaya.

Karatu kuwa ya ba ta kashi. Sunayen ƙasusuwa da na magunguna su shiga ta kunnen dama su fita ta hagu. Ta faɗi jarrabawa sau ɗaya ta maimaita aji, dokar makarantar kuma wanda ya sake faɗuwa sai gida. A ɗakin gwaji akwai wani mutum-mutumi na roba kwance a gado, da shi ɗalibai ke koyon wanka da canjin zanin gado. 'Yan matan ajin hannunsu kamar walƙiya, su kwaɓe masa riga, su wurga shi dama su wurga shi hagu, kafin ka ce kwabo sun gama. Ita kuwa baiwar Allah, hannunta ya riga ya saba. Sai ta yi wa roba sallama, ta gaya masa abin da za ta yi, ta ja labule, har ta tsaya gwada ruwa. Dariya ta ishi ajin. Suka sa wa mutum-mutumin suna Baban Roba, kullum suna tambayarta ko Baba ya amsa gaisuwar yau. Abin yana yi mata ciwo, ta sha ƙoƙarin dainawa, amma ta kasa.

Ranar jarrabawar ƙarshe ta aikin hannu aka kawo wata tsohuwar nas daga wani gari, mai gilashi a kan hanci, ba fara'a ba magana, sai takarda da biro. Kowa minti goma, a wanke Baban Roba a matsayin mara lafiyar da ba ya iya tashi a canja masa shimfiɗa. Ɗalibar nan tamu ta shiga da niyyar yin sauri, amma tana isa bakin gadon ta ji bakinta ya yi sallama. Ta wanke hannu, ta ja labule, ta tsoma gwiwar hannu a daro, ta bi jikin gaɓa-gaɓa tana rufewa. Tana tsakiyar shimfiɗa zanin gado ƙararrawa ta kaɗa. Duk da haka ba ta iya juya baya ta bar shi a karkace ba, sai da ta kwantar da shi daidai, ta ja masa bargo zuwa ƙirji, ta ɗaga ƙarfen gefen gado, sannan ta fita. A gindin dalbejiya ta zauna tana jin sauran suna fahariyar sun gama da saura minti uku. Ta yi kuka sosai, don ta tabbata shekarun nan ma sun bi waɗancan bakwai ɗin.

Bayan kwana uku aka liƙa sakamako. Daga ƙasa ta fara duba sunanta, wajen waɗanda suka faɗi, ba ta gan shi ba. Ta yi ta hawa da yatsa har ta same shi na huɗu daga sama. Ta zauna daɓas a kan baranda tana ta hamdala, wani nauyi da ta daɗe tana ɗauke da shi ya sauka. Ashe abubuwa ashirin ne a takardar tsohuwar, kusan rabinsu sallama ce, da neman izini, da labule, da zafin ruwa, da suturta mara lafiya. Masu saurin sun tsallake su, tunda a ganinsu roba ba ta jin kunya ba ta jin sanyi, biyu ma tsirara suka bar shi. Da matar ta je godiya, tsohuwar ta dube ta ta saman gilashi ta ce, "Shimfiɗa zanin gado a sati guda za ki ƙware. Wancan kuwa ban san wa kika yi wa jinya ba, amma Allah ya jiƙansa, shi ya koya miki."

To kin ji. Tashi ki je ki karɓo fom ɗin nan tun ba a rufe ba. Hausawa sun ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.