Shimag ɗin Baba a Bakin Teku

Ina ɗan shekara tara Baba ya ɗauki hutu daga tuƙin tirela, ya fito da ni daga unguwarmu Gubaira da ke Riyad zuwa tekun gabas, mu yi kwana uku muna bin gaɓa a ƙafa. Wata huɗu ke nan da yi mini aiki a ƙafar hagu. Likita ya ce in riƙa tafiya, ni kuwa tsoron taka ta nake yi.

Rana ta biyu bayan azahar, iska mai zafi ta taso tana watsa mana yashi a ido. Na zube ina kuka. "Halas, ya isa haka, Baba, na gaji! Mu koma Riyad."

Bai yi mini faɗa ba. Ya kwance jan shimag ɗinsa, rawanin da ke kansa, ya tsoma a teku, ya naɗa mini a ka. Har yau hancina bai manta ba: gishiri, man dizal da zufarsa. Ko yanzu na tuna, sai zuciyata ta yi sanyi.

"Ban ce ka ƙarasa hanya ba, ɗana," in ji shi. "Raka ni wancan kwalekwalen kawai, ni ma na gaji."

Na miƙe don in taimake shi. Da muka isa, ya juyo da ni, ya nuna mini sawuna a jiƙaƙƙen yashi. Babu alamar jan ƙafa ko ɗaya.

"Sawun wa ke nan?"

"Nawa ne."

"To, wane kwalekwale kuma?"

Na duba gaba, na nuna mafi nisa.