Inna a Bakin Taga

Tun da yaƙi ya koro su zuwa wannan ƙasa, Inna ba ta da wurin zama sai bakin taga a bene hawa na huɗu. Ɗanta direban tasi ne, matarsa tana aiki a gidan wanki da guga. Su fita da sassafe, su bar ta da talabijin mai magana da harshen da ba ta ji.

A gida kuwa, Inna ce uwar unguwa. Ita ke ɗaga waƙa mata su amsa, ita ke raba faɗan maƙwabta. Tsakar gidanta ba ya rabuwa da takalman baƙi.

Wata rana maƙwabciyarsu, ma'aikaciyar jinya, ta tare direban a matakala.

"Ka riƙa kai Inna cibiyar baƙi mana. Duk Asabar tsofaffinku na haɗuwa, a yi hira, a auna musu jini. Ƙarshen wata ma akwai taron al'adu."

Ya ɗaure fuska. "Mu ba mabarata ba ne. Uwata ba ta rasa ci ba, ba ta rasa sha ba."

Inna ta ji labarin taron. Ta ce, "Ɗan nan, ka kai ni ko sau ɗaya, in ji ana dariya da harshenmu."

"Sai na samu sarari, Inna."

Sararin bai samu ba. Inna ta rage magana, ta rage cin abinci. Ciwon kai ya matsa mata, ta yi shiru don kada ta dame su. Ranar da suka dawo suka tarar da ita kwance a ƙasa, likita ya ce hawan jini ne ya daɗe yana cin ta. Ba ta kwana ba, ta rasu.

Mutanen cibiyar da direban ya raina su ne suka tsaya a kan komai na jana'iza. Cikin masu gaisuwa, wata tsohuwa ta ga hoton Inna a bango, ta dafe ƙirji.

"Wayyo, ƙawata! Tare muka yi wasan ƙasa. Na ɗauka yaƙi ya cinye ta. Ashe layi biyu ne tsakaninmu?"

Direban ya durƙusa yana kuka kamar yaro.

Jama'a, wanda ya bar ƙasarsa ba abinci kaɗai yake buƙata ba, yana buƙatar mutanensa. Neman taimakon cibiyoyin baƙi ba bara ba ne. Mu kai iyayenmu tun suna da rai.