Mikisar Kawu

Auta ta murɗa maɓalli na farko ta kasa kunne. Kawu ya shiga cikin gida cin abinci, Yaya kuma ba ta iso ba tukuna. Sai ta bi sauran maɓallan mikisar, ta hargitsa su kaf.

Ɗakin da kawunsu yake ɗaukar waƙa tsohon sito ne. Akwai kwamfuta, da wani ɗan akwatin sauti da kyanwa ke son kwanciya a kai saboda ɗumi, sai mikisa, ƙatuwar na'urar haɗa sauti da ta cinye rabin tebur. Ita kyanwar ko kallon mikisar ba ta yi.

Wannan mikisa ce ta tsaya wa Auta a rai. In ita ke waƙa, Kawu ya dinga danne-danne a kwamfuta ke nan yana haɗa gumi. In Yaya ce, sai ya jingina ya lumshe ido, yana shafa maɓallan mikisa, muryar ta fito garau. Uwa ɗaya uba ɗaya, amma an ba ɗaya injin, an bar ɗaya da ɗan akwati. Kishi ya ci ta har ba ta iya jin waƙar Yaya ta kai ƙarshe.

Yau kuwa kowacce za ta rera waƙa guda, gidan rediyo ya zaɓi murya ɗaya.

Auta ta yi tata, Kawu ya sha gumi. Yaya ta tsaya gaban makirufo, Kawu ya ɗora hannu a mikisar, bai ko duba ba. Auta ta gyara zama tana jiran a ji kunya.

Muryar ta fito garau fiye da kullum. Har tsikar jikin Auta sai da ta tashi, abin da ya ƙara ba ta haushi.

"Kawu, ni ma a sa min mikisar mana," ta ce.

"Ke kin fi buƙatar kwamfutar, 'yata," in ji shi.

Wannan magana ta ƙona mata rai. Da Yaya ta shiga baiti na biyu, Auta ta yar da ɗan kunnenta da gangan, ta rarrafa bayan tebur don ta zare wayar mikisar kowa ya huta.

Ta sami wayar a naɗe cikin ledar da aka sayo ta a ciki, ba a taɓa jona ta ba.