Rigar Gado da 'Yar Tsana

Daga kicin Amarya ta jiyo ƙarar almakashi a ɗakin yara. Shirun da ya biyo baya ne ya sa ta yar da ludayi ta ruga.

Babbar 'yarta, wadda duk gidan ke kira Ƙiriniya, tana zaune dirshan a ƙasa, ta zaro harshe don ƙwazo. 'Yar tsanarta ta sha sabon zani mai ruwan madara, har da ɗankwali. A gefe ga abin da ya saura na rigar gado: hannu ɗaya ya tafi, wuya ya zama guntayen ƙyalle, gaba kuma taga ce aka buɗe.

"Mama, ita ma za ta je bikin," in ji Ƙiriniya.

A cikin wannan riga ake ɗaukar hoton duk ɗan da aka haifa a dangin mijin Amarya ranar da ya cika shekara, mace ko namiji. Kakar surukarta ce ta ɗinka ta da hannu, kuma surukar ba ta gajiya da faɗin cewa ko zare ɗaya bai taɓa fita daga jikinta ba. A cikin akwati ta aiko da ita, naɗe da farin ƙyalle, don jibi Auta za ta cika shekara. Surukar kuma tana tafe da safiyar ranar.

Da Maigida ya dawo, ya dubi rigar, ya dubi 'yar tsanar, sai ya juya ya fuskanci taga, kafaɗunsa na rawa. Amarya ta ji tausayinsa ya kama ta.

"Akwai wata tsohuwar tela a bayan kasuwa, jikin masu gyaran agogo," ya ce bai juyo ba. "Mai Tabarau ake ce mata."

Mutumin da ko maɓallin rigarsa bai san inda ake ɗinka masa ba! Amma wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Gari na wayewa ta ɗaure guntayen a leda ta fita.

Shagon ɗan ƙarami ne, keken ɗinki ɗaya, rigunan yara rataye har rufi, 'yan tsana jere a kan kanta kowace da kwalliyarta. Mai Tabarau ta zazzage ledar, ta juya guntayen da yatsa ɗaya.

"Shekarar mai aikin nawa?"

"Biyar, Baba."

"Lokacinsu ne."

Ba ta ɗauko tef na awo ba. Kujera ta taka, ta lalubo can saman kanta, ta sauko da wani ƙunshin yadi mai ruwan madara, ta karkaɗe shi. Amarya ta kara shi da guntun da ke hannunta, ta rasa bambanci. Lallai mai rabo ko a bakin kura sai ya samu, ta ce a ranta.

"A wuyan akwai wani surfani, amma yarinyar ta daddatsa shi," ta fara bayani. "Kamar dai..."

"Je ki gida ki sha ruwa, 'yata. Ki aiko min da 'yar tsanar kawai."

A ranar da yamma riga ta iso. Amarya ta juya ta ciki da waje. Ga 'yan tsuntsaye uku a wuya, na tsakiya ya ɗan karkace kai kamar yadda yake a da. Ga kalmasa sirirriya, ga maɓallai huɗu a baya. A ƙasan ledar kuma 'yar tsana ce sanye da irin rigar sak, an haɗa ta daga guntayen da Ƙiriniya ta yanka. Kyau kam ta yi kyau, amma shaida ce mai ƙafafu. Amarya ta cusa ta can ƙarshen durowa, ta danne da tawul.

Ranar biki falo ya cika da 'yan uwa. Suruka ta iso, ta zauna a babbar kujera, ta ce a kawo mata amaryar shekara. Aka miƙa mata Auta cikin rigar. Ta gyara zama, ta shafa wuyan, ta ɗaga kalmasar ta kai ta kusa da ido. Amarya na tsaye da farantin kofuna.

"Kun ga aikin mutanen da," Suruka ta ce wa jama'a. Kowa ya gyaɗa kai.

Mai hoto ya saita na'urarsa. Sai ga Ƙiriniya ta kutso ta tsakanin ƙafafun manya, ta ɗaga 'yar tsana sama kamar kofin gasa.

"Kaka, duba! Ni na yanka!"

Maigida ya tuna yana da aiki a tsakar gida. Suruka ta karɓi 'yar tsanar, ta daɗe tana kallonta, sannan ta zaunar da ita a cinyar Auta, ta ce wa mai hoto ya ɗauka da su biyun. Da aka gama, ta yafito Amarya da hannu. Amarya ta durƙusa, ta buɗe baki za ta ba da haƙuri.

Suruka ta sunkuyo daidai kunnenta.

"Ashe Mai Tabarau tana nan da ranta? Ki gaishe min da ita. Ki ce wannan har ta fi wadda ta ɗinka min shekarar da mijinki ya yanka ta gadon ya yi wa kyanwarsa riga."