'Yar Kibiyar Injiniya

Injiniya ya ɗauki diskin ajiyar kwamfuta na bakwai ya kanga a kunne ya girgiza, kamar mai zaɓen kankana. Mai shagon ya riga ya gaji, ya koma kan kujera ya bar masa kanta.

Ba injiniya ba ne, malamin rajista ne a wani ofis. Sunan ya samo asali ne tun ranar da ya gyara rediyon gidansu ta hanyar juya batir, shi kuwa ya riƙe shi hannu bibbiyu har furfura ta fara fito masa.

Abin da zai adana bai taka kara ya karya ba a idon wani: muryar Inna ce, minti arba'in. Wata rana ce aka kunna rikoda tana tsintar wake ba ta sani ba, tana ba da labarin ƙuruciyarsu, tana dariya, tana kiran "Autana" har sau huɗu. Bayan rasuwarta ya kai kaset ɗin aka juye masa a kwamfuta, zaren kuma ya tsinke a wannan juyin. Saura kwafi ɗaya tak a duniya, a cikin tsohuwar kwamfutarsa.

Sati uku ya yi yana bincike. Ya ƙi diski mai juyawa a ciki, wai faɗuwa ɗaya ke kashe shi. Ya ƙi mai araha, ya ƙi wanda ba garanti. A ƙarshe ya ɗauki guda biyu masu rigar roba, daga kamfani daban-daban, don in ɗaya ya ci amana ɗaya ya tsaya.

A gida ya jona na farko, ya kama fayil ɗin Inna daga fuskar kwamfuta, inda yake ajiye shi don saurin samu, ya ja ya saki. Kafin ya ƙifta ido an gama. Ya yi murmushin wanda ya san abin da ya saya. A kusurwar fayil ɗin ga wata 'yar kibiya, ya ce a ransa alamar an tura ke nan. Haka ya yi wa na biyun.

Kuma shi ba ya aiki rabi da rabi. Duk farkon wata sai ya jona kowane diski a kwamfutar, ya danna, muryar Inna ta cika ɗakin. Ya saurara har inda take cewa "Autana", ya share ido, ya cire. Ɗaya yana zama a durowar ofis, ɗaya a saman sif. Shekara biyu ke nan, ko alamar cika babu a cikinsu, ya kuma mai da wannan abin tutiya.

Wadda ta fi shan wa'azinsa ita ce Yaya, babbarsu. Duk zuwa sai ya faɗa mata cewa mai kwafi ɗaya ba shi da komai. Ta sha roƙonsa ya tura mata muryar a waya, yana cewa waya ba wurin ajiya ba ne, abu mai daraja sai wurin masana. Ita kuwa sai ta ce, "To, Auta, Allah ya bar mana kai."

Da ya sayi sabuwar kwamfuta, ya yi wa Yaya kyautar tsohuwar. Amma sai da ya goge ta tas, sau uku a jere, irin gogewar da ya karanta cewa ba gwanin da ke iya dawo da komai bayanta.

Ran Asabar ɗin makon Yaya ta tara jikokinta a falo, su ji muryar kakar iyayensu da ba su riska ba. Injiniya ya shigo da jaka, ya zare diski a hankali, ya yi ɗan bayani kan rigar roba. Ya jona a sabuwar kwamfutarsa, ya danna. Shiru.

Ya ce kebul ne. Ya canza. Ya ce diskin ne, ai shi ya sa ake sayen biyu, ya fita da gudu ya ɗauko na ofis. Shi ma shiru. Yara suka fara zamewa waje ɗaya bayan ɗaya. Yaya kuwa sai ninke gefen mayafinta take tana warwarewa. A nan ne tsoro ya kama shi da gaske.

Suka tafi wurin mai gyara tare, Yaya riƙe da tsohuwar kwamfutar a jaka ko za a buƙace ta. Mai gyaran, wata mata mai tabarau, ta gwada diskin biyu ta ce lafiyarsu lau, ta ma yaba zaɓin. Injiniya ya dubi Yaya, kafaɗarsa ta ɗan dawo.

Sai matar ta matso da fuska kusa da allo, ta tambayi inda kwamfutar farko take. Yaya ta dafa jakarta. Injiniya ya yi caraf ya ce ba komai a cikinta, shi da kansa ya goge ta, sau uku.

Matar ta cire tabarau, ta ɗora yatsa a kan 'yar kibiyar.

"Malam, wannan ai shotkat ne, ba murya a cikinsa ko ta daƙiƙa ɗaya," in ji ta. "Nuni kawai yake yi. Shekara biyu yana gaya maka muryar tana cikin waccan kwamfutar."